Ƙarfen Murhun Gidan Bajamushe

Ranar Juma'a da hantsi aka ɗaga labulen da ke rufe da murhun Gidan Bajamushe a birnin Lyon, aka tarar faifan ƙarfen da ke cikinsa ba ya nan. Kafin a sauko daga masallaci duk wani Bahaushe da ke garin ya riga ya san ɓarawon. Babu wanda ya gani, babu wanda ya ji motsi, amma kowa ya sani. Mutanenmu ba su da ƙiwa a irin wannan aiki; in dai yanke wa ɗan wani hukunci ne, ba sa bari maganar ta kwana.

Wanda hukuncin ya faɗa kansa shi ne Abdoul Razak, direban farar motar da ke jigilar kayan 'yan kasuwa tsakanin Paris da Lyon. Washegari da safe ya iso unguwar Goutte d'Or a Paris, ya tsaya a ƙofar ɗan matsattsen shagon da kawunsa, Malam Illiassou, yake gyaran takalma.

Malam Illiassou ba da wannan sana'a ya tashi ba. A can ƙasar Abalak mai bin sawu ne, gadon gidansu: in an kore raƙuma shi ake ɗaukowa, ya sunkuya ya dubi ƙasa, ya faɗi ko ɓarayin nawa ne, wanne ke ɗingishi, wanne ya fara gajiya. Da zama ya kawo shi garin da ƙasarsa duk kwalta ce da dutse, sai ya koma karanta mutane ta ƙarƙashin takalmansu. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya ƙaunar a zo masa da kuka kafin a zo masa da bayani.

"Tonton, ina kwana."

"Lahiya lau. Ina tsohuwarka, ina mai ɗakinka?" Bai ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba. "Zamna. Tun daga bakin titi kake jan ƙafa, na san ba gaisuwa ta kawo ka ba."

Abdoul Razak ya zauna ya kwashe labari. Gidan tsohon masauki ne da 'yan kasuwar Nijar suka daɗe suna haya, can yake sauke kaya yana lodi. Mai gidan wata tsohuwa ce, Madam Brendel, amma a watan jiya an kai ta gidan tsofaffi, ɗan ƙaninta Pascal ya karɓi ragamar komai. Ƙarfen da ya ɓace gadon zuri'arsu ne, baƙin faifai mai nauyin kusan rabin buhun gero, da zanen doki da mahayinsa da sunan kakan da ya gina gidan. Ranar Alhamis da safe an gan shi. Ranar Alhamis da yamma motar Abdoul Razak ta fita daga farfajiyar gidan shaƙe da kaya.

"Pascal ya ce in ba a maido shi ba kafin Litinin zai kai plainte wurin polis, da sunana a kai." Ya rage murya. "Tonton, ka san ina da sursis."

Ya sani kuwa. A shekarun baya yaron ya shiga wata rigima a unguwarsu ta Stains, alƙali ya yanke masa ɗauri amma ya jingine shi, da sharaɗin in aka sake kama shi da laifi kai tsaye sai gidan kaso. Tun daga lokacin ya natsu, ya yi aure, ga matarsa da tsohon ciki haihuwa yau ko gobe.

Malam Illiassou ya ajiye allura, ya dube shi ido cikin ido. "Kai ka ɗauka?"

"Wallahi tallahi, Tonton, je te jure…"

"Ban ce ka rantse ba. Ɓarayin raƙuma sun hi ka iya rantsuwa." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Zan tahi. Amma ka ji tun yanzu, in sawu ya kai ni gare ka, zan hwaɗi. Uwarka ƙanwata ce, ba za ta sa in yi ƙarya ba."

Ya sa aka buɗe masa bayan motar, ya durƙusa ya shafa kowane lungu. Babu tsatsa, babu baƙin hayaƙi, babu ƙarzuwa. Bai yi murna ba, don ya san bargo ɗaya ya isa ya ɓoye duk wannan.

*

Kafin su kama hanya sai da suka biya kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen. Ashe tun da aka kai tsohuwar gidan tsofaffi Pascal yake ta kwance kayan masaukin ɗaya bayan ɗaya yana sayar wa wani dillali a can, kuma Abdoul Razak ne ya taɓa kawo masa fitilun ƙofa da ƙararrawa. Wannan ma yana cikin abin da ya shafa masa kashin kaji: ya san hanya, ya san mai saye. Malam Illiassou kuwa tunaninsa daban, ko dillalin ne ya tura a ɗauko masa a ɓoye.

Dillalin wani ƙato ne mai jan fuska. Da jin sunan gidan ya hau faɗa da Faransanci har yawu na tsartuwa. Ai ƙarfen nasa ne, sun gama magana da Pascal, an ma riga an kwance shi daga bango, yau ɗin nan ya kamata yaransa su je su ɗauko. Ya nuna wani gurbi da ya share masa a tsakiyar shago, wayam.

"Tambaye shi mutum nawa ka ɗaukar shi," in ji Malam Illiassou.

"Biyu, da ɗan keken tura kaya," dillalin ya amsa. "Mutum ɗaya in ya rungume shi ba zai kai ƙofa ba sai ya sake shi a kan yatsunsa. Sai dai in akwai mota a kusa." Ya faɗi haka yana kallon Abdoul Razak.

Malam Illiassou ya dubi gurbin, ya dubi fushin mutumin, ya ga ba na wasa ba ne. Suka fito ba su ƙaru da komai ba, sai ma igiyar da ta ƙara matsewa a wuyan yaron.

*

Da la'asar suka shiga Lyon, suka tsallaka kogi zuwa unguwar Guillotière. Gidan Bajamushe yana cikin wani ɗan lungu, da wata ƙatuwar ƙofa da aka yi don keken doki ya shiga da fasinjojinsa. Wani Bajamushe ne ya gina shi tun zamanin da ba jirgin ƙasa, ya taso daga ƙasarsu da iyali da kayansa a kan amalanke, ya kafa wurin da matafiya za su kwana a canja musu dawakai. Har yanzu zobban ɗaure dawakin suna jikin bango. Bargar ta zama sito, an cika ta da buhunan shinkafa da kwalayen atamfa, ɗakin da masu tuƙin keken suke jin ɗumi kuma ya zama masallacin gidan. Ƙofar waje ce kawai mai girma. Ƙofofin ciki duk gajeru ne, kamar maginin yana jin haushin dogayen mutane.

Alhaji Youssouf, babban 'yan kasuwar gidan, shi ya tarbe su. Ya yi wa Malam Illiassou gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da sanyin Paris, Abdoul Razak kuwa ko hannu bai ba shi ba. Sauran mazan da ke farfajiyar kuwa kowa ya sami abin kallo a wayarsa.

"Malam, ba ƙiyayya ba ce," Alhaji ya ce da ƙaramar murya. "Mai shagon waya na tsallaken titi yana da kamera, tana kallon ƙofarmu. Mun zamna mun duba tun daga sahiyar Alhamis har ta Juma'a. Ba namijin da ya hita da wani abu mai nauyi. Mata dai suna shige da hice da ƙunshinsu kamar kullum, sai motar ɗanka. To mi kake so mu ce?"

"Wata ƙofa fa?"

"Babu. Bajamushen ƙofa guda ya yi, don kar matahiyi ya gudu bai biya ba."

Malam Illiassou ya shiga masallacin. Murhun yana bangon gabas, an rufe shi da koren labule. Ya ɗaga, ga gurbin ƙarfen a jikin bango, fari-fari a tsakiyar baƙin hayaƙi. Ya sunkuya ya bi ƙasa taku-taku, daga murhu zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa farfajiya. An share darduma, an wanke duwatsun farfajiya tas. Bai ga alamar ja ba, bai ga sawun taya ba, bai ga inda aka dire abu mai nauyi ba. Tun da yake bai taɓa ganin ƙasa mai rowa irin wannan ba, kuma abin ya ɓata masa rai.

*

Wadda ke wanke farfajiyar ita ce ke dafa wa gidan abinci, Zouera, wata gajeriyar mace 'yar Damagaram da ta ba hamsin baya. Kowa Tanti yake ce mata. Ta kawo masa tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗan ɗakin girkinta, ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake.

"Kullum kike wanke dutsen nan?" ya tambaya.

"Kullum da sahe, Malam. Madam ce ta saba mini. Shekara da shekaru ni ke kula da ita a bene, wanka, abinci, komi. Ba ta son ganin datti a gidan kakanta."

"Ranar Alhamis kin ga wani baƙo?"

"Ni ba na kallon baƙi. Wadda ba ta da takardar zama ko guda, in ta ga baƙon Bature ɗaki take shiga." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Na hi shekara goma ban bi ta gaban komisariyar 'yan sanda ba."

"Yaron nan fa, mi kika gani gare shi?"

"Abdoul Razak bai ɗauki komi ba." Ta faɗe shi da sauri, da ƙarfi. "Mazan gidan nan bakinsu ya hi hankalinsu. Ba su da shaida. Ko an kai shi za a tambaye shi a sake shi, ai ƙasar doka ce, kuma shi ɗan ƙasa ne."

Malam Illiassou ya ji daɗin maganar, don ita kaɗai ce a gidan ta faɗi alheri a kan ɗan ƙanwarsa. Bai gaya mata zancen ɗaurin da aka jingine ba. Mutanen Lyon sun san yaron ya taɓa shiga hannu, amma ba su san wannan ba, kuma yaron ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Ya cinye tuwon ya sa mata albarka.

*

Ranar Lahadi da safe Malam Illiassou ya tare Malam Taha, limamin gidan, wani siririn dattijo mai dogara sanda. Tun jiya mutum biyu suka raɗa masa cewa liman ya tsani ƙarfen nan, don zanen doki da mutum yana daidai alƙibla, shi ne ma ya sa aka rataya labulen.

"Ƙwarai na ƙi shi," in ji Malam Taha, ko gezau. "Wa zai so ya yi sujada ga hoton Bature bisa doki a gabansa? Sau nawa ina roƙon Madam a ɗauke shi. Ta ce kakanta ya baro gona da gida a ƙasarsu, wannan kawai ya ɗauko, inda ƙarfen yake nan ne gidansu. Da ta hwaɗi haka na yi shiru na sayo labule."

"Amma da ya ɓace ba ka yi kuka ba."

"Ban yi ba. Ka zo kama ni ne, Malam?" Ya ɗaga sandarsa. "Buta ma sai an miƙo mini."

"Mai sanda yana da almajirai masu ƙarfi." 

"Yana da su. To don mi zan jira sai ana saura kwana biyu mai saye ya zo ya raba ni da shi salin-alin, sannan in sa a sata?"

Malam Illiassou ya juya maganar ta kowace fuska bai ga inda ta yoyo ba. Ya ba liman haƙuri ya fito. A farfajiya ya hango Abdoul Razak zaune cikin motarsa shi kaɗai yana waya da matarsa, yana ƙoƙarin yin dariya don kar ta gane. Nan fa tsoro ya kama Malam Illiassou sosai. Gobe Litinin, ga shi ba shi da komai a hannu, kuma wani sashe na zuciyarsa ya fara cewa wataƙila mutanen gidan ne ke da gaskiya.

*

Bayan azahar kowa ya watse, ya rage shi kaɗai a masallacin. Gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso, sai ya kishingiɗa a kan darduma kusa da ƙofa, ya ɗora kai a hannu. Tun da ya shigo gidan bai kalli sama ba, don mai bin sawu ƙasa aka koya masa.

A ƙarƙashin gungumen da ke saman ƙofar ya ga wani dogon zane. Itacen ya tsufa ya yi baƙi, amma zanen sabo ne, har farin cikin itacen ya fito, gefensa kuma da shafin baƙin hayaƙi.

Ya tashi zaune a hankali. Ya shafa gefen ƙofar hagu da dama, lafiya lau. Wanda ya rungumi ƙarfe ko ya saɓa shi a kafaɗa, gefen ƙofa zai ƙarza. Wanda ya ja shi, ƙasa zai ƙarza. Wannan kuwa sama ya ƙarza, kuma a tsakiya sak.

Ya koma wajen murhu, yanzu idonsa a bisa. Ga wani tsohon benci kusa da shi, da sabuwar lotsawa a bakinsa. Ga dakalin taga sama da bencin, daidai ƙirjin mutum, da jan tsatsa a gefensa. Ya tsaya yana kallo, abin ya fito masa sarai kamar a gabansa aka yi. An mirgina ƙarfen ya hau benci, daga benci aka tura shi kan dakali, sannan aka durƙusa aka shiga ƙarƙashinsa. Haka mai kaya yake yi a daji in babu wanda zai ɗora masa. An miƙe da shi a ka, an nufi ƙofa, an rage tsawo, amma ba a rage sosai ba.

Ya tsaya a bakin ƙofar ya gwada da jikinsa. Shi kansa sai ya sunkuya yake wucewa ba kaya. Dogon mutum da faifai a ka ba zai fita ta nan ba ko da rarrafe. Abdoul Razak ya fi shi tsawo, kuma haihuwar Stains ne, ko tiren shayi aka ɗora masa a ka sai ya zubar.

Sanyi ya ratsa zuciyarsa, yaron ya fita daga zargi. Amma sanyin bai daɗe ba, don maganar Alhaji Youssouf ta dawo masa: mata dai suna shige da fice da ƙunshinsu kamar kullum. Maza sun zauna sun ƙura wa hoton ido suna neman ɓarawo, ɓarawon ya wuce ta gabansu da rana tsaka da ƙunshi a ka, ba wanda ya lissafa shi cikin mutane. Jikinsa ya yi sanyi. Hankalinsa ya tafi kan Zouera, gajeriyar matar da ta ba shi tuwo jiya.

Ya nufi ɗakin girki don ya same ta ita kaɗai, ko a samu hanyar da za a maido da ƙarfen ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Ɗakin a rufe. Aka ce masa ta fita tun ɗazu da ɗan kwanonta, sai la'asar take dawowa.

*

Ta dawo da la'asar ɗin kuwa, amma ba ita kaɗai ta shigo ba. A bayanta Pascal ne, wani ramammen Bature mai tabarau, da makullin mota a hannu. Bai jira Litinin ba. Dillalin Paris ya dame shi da waya, ya ce ya gaji, yanzu zai wuce komisariya, ya biyo ne kawai ya ji ko akwai mai abin faɗa.

Mazan gidan suka taru a farfajiya. Liman ya zauna a kan wani dutse, Alhaji Youssouf ya tsaya kusa da Baturen don ya yi tafinta. Abdoul Razak ya fito daga mota ya jingina da ita. Zouera ta tsaya a ƙofar ɗakin girki da kwanon a hannu.

Malam Illiassou ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi matar. In ya yi shiru yaron zai kwana a kaso, ɗansa ya zo duniya ba ya nan. In ya yi magana, matar da ba ta da takarda za ta shiga hannun da ta shekara goma tana gudu. Ya nemi hanya ta uku a ransa bai samu ba.

"Alhaji, ce masa ya ba ni ɗan lokaci," ya ce. "Akwai abin da ba ku sani ba. Yaron ga yana da ɗauri da alƙali ya jingine masa. In anka rubuta sunansa yau, ba tambaya za a yi masa a sake shi ba. Kaso za shi."

Abdoul Razak ya sunkuyar da kai don kunya. Malam Illiassou bai kalli ɗakin girki ba, amma ya ji ƙarar murfin kwano.

Ya sa aka ɗauko buhun shinkafa daga sito aka ajiye a cikin masallaci. "Abdoul Razak, hito mini da shi."

Yaron ya rungume shi a ƙirji, ya fito a karkace yana gogar gefen ƙofa. Aka mayar. Alhaji Youssouf, da ƙunƙuni, ya saɓa a kafaɗa, shi ma ya goge gefe. Wasu biyu suka gwada, duk haka. Sannan Malam Illiassou ya kira su ya nuna musu zanen da ke sama, ya nuna benci, ya nuna tsatsar dakalin taga.

"Wanda ya ɗauki ƙarfen ga, bisa kai ya ɗauke shi, shi kaɗai, ba mai ɗora masa. Gajere ne. Ya saba da kaya tun yana ƙarami. Kuma ta babbar ƙofa ya hita, kuna kallo." Ya dubi Pascal. "Ba ɗan ƙanwata ba ne. Iyakar abin da zan hwaɗi ke nan."

Alhaji ya juya wa Pascal maganar. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce zane a jikin itace ba suna ba ne, shi suna yake so, in babu kuwa yana da wanda zai bayar. Ya juya zai tafi.

Wasu sun riga sun gane, don idanunsu sun fara zamewa zuwa gefe guda suna dawowa.

Zouera ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta zare mayafinta, ta murɗe shi ta naɗe ya zama gammo, ta ɗora a ka. Ta shiga masallacin, ta mirgina buhun kan benci, ta tura shi kan dakali, ta durƙusa ta shiga ƙarƙashinsa. Ta fito da shi ta ƙofar, wannan karon bai taɓa ko'ina ba, ta dire shi a gaban Pascal.

"Yana ɗakin Madam, can gidan tsofaffi," ta ce. "Jingine ƙarƙashin taga. Ma'aikatan wurin sun zaci dangi ne sunka aiko."

"Tanti," in ji Alhaji Youssouf. "Don mi?"

"Tun da anka kai ta ta daina ci. Sai ta juya ga bango tana tambayata ina wutar gidansu. Ran Laraba na ji wannan yana waya, ya ce Asabar za a zo a ɗauka." Ta nuna Pascal da haɓa. "Na naɗe shi da zane na kai mata. Da ta shafa dokin nan, ran nan ta shanye kunu kwano guda. Ce masa haka, Alhaji. Ce masa gwaggonsa tana ci."

Alhaji ya faɗa masa. Pascal ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanunsa, har Malam Illiassou ya fara sa rai. Da ya buɗe baki sai ya ce gidan tsofaffin ba kyauta yake riƙe da ita ba, kuma ya riga ya ba dillali magana, dillalin kuma ya riga ya ce zai kai shi ƙara. Gobe za a ɗauko ƙarfen. Ita kuma ta zo su je ta faɗa da bakinta a rubuta, don ya sami abin nunawa.

Alhaji ya roƙa, liman ya roƙa. Baturen ya tsaya a kan bakansa.

Abdoul Razak ya taso daga jikin mota. "Tanti, duk kwanakin nan kina kallona. Ana ƙin ba ni hannu, kina kallo."

"Ina kallo," ta ce. "Ban san da ɗaurin ba. Na ce kai kana da takarda, za su gaji su bar ka. Na yi maka laihi, ɗana, ban da abin cewa."

Ya juya mata baya ya dafa motar da hannu biyu.

Malam Illiassou ya kama ɓarayi da yawa a rayuwarsa, kuma kowane karo da daɗin rai yake komawa gida. Yau baƙin ciki ne ya cika shi, ga shi kuwa abin da ya zo yi ya yi. Ya gyara hularsa ya ce zai raka ta, ko ba komai a sami mai zama kusa da ita.

Ta warware gammon ta yafa, ta shiga ɗaki ta sako takalmin fita. A bakin babbar ƙofa ta tsaya ta juyo.

"Akwai gasarar kunu cikin firji, ta kwana biyu. Ba ta sha da sanyi, kuma ba ta karɓa a hannun ma'aikatan, sai an zamna an yi mata hira." Ta bi fuskokinsu da kallo. "Wa zai kai mata gobe?"

Mazan da suka shekara suna cin tuwonta suka sunkuyar da kai. Wannan yana da kasuwa, wancan yana da jirgi da safe, ba wanda ya faɗa amma duk an ji. Pascal ya fara kaɗa makulli.

Abdoul Razak bai juyo ba. Yana nan dafe da motarsa, muryarsa ba ta huce ba.

"Wane ɗaki take?" ya ce.

Ta gaya masa hawa da lambar ɗakin, da yawan sukarin da ake sawa. Sannan ta fita, Malam Illiassou yana gefenta.